Ƙadangaren Yayana Ya Rame Har Ƙashi, Ta Ina Zan Fara?

Assalamu alaikum Anti. Yayana yana kiwon wani ƙadangare, irin wanda ake kira mai gemu, shekara uku ke nan da ya saye shi. Tun da aka canja masa wurin aiki ba ya zama gida sosai. Makon jiya na je gidansa na tarar da dabbar cikin ƙaramin akwatin gilashi a kan yashi, fitilarsa ta mutu ba a san tun yaushe ba, kwanon ruwansa a bushe. Ban iya tafiya na bar shi ba, sai na ɗauko shi. Idanunsa sun faɗa, ƙasusuwan ƙugunsa a waje, ƙafafunsa na baya suna rawa, haɓarsa ta yi laushi, ƙarshen wutsiyarsa kuma ya yi baƙi. Na auna shi, giram 210 ne. Na ba shi gyare takwas don tausayi, washegari ya amayar da su. Da na kira Yaya sai ya ce dama haka suke barci in sanyi ya shigo, in ya murmure zai zo ya karɓi abinsa. Mijina kuma ya ce in fitar da shi saboda ɗanmu mai shekara uku. Ba na son in ɓata wa Yaya rai, ba na son dabbar nan ta mutu a hannuna. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ɗauko shi da kika yi daidai ne, kada ki bar kowa ya sa ki kokwanto a kan wannan. Babban ƙadangare mai gemu, wanda ya kai santimita 45 zuwa 60 har wutsiya, nauyinsa yakan kama daga giram 300 zuwa 500. Naki yana 210, ga rawar ƙafa, ga laushin haɓa. Wannan ba barcin sanyi ba ne. Gaskiya ne suna da lokacin da suke rage motsi da cin abinci, amma lafiyayye yakan shiga wannan hali da ƙibarsa ya fito da ita kusan yadda take. Wanda ƙashin ƙugunsa ya fito jinya yake yi.

Aman da ya yi ba laifinki ba ne, amma yana nuna miki inda za ki fara. Jikin ƙadangare ba ya samar wa kansa ɗumi. Asalin wannan irin daga busassun yankunan tsakiyar Ostiraliya yake, inda yake hawa dutse da safe ya sha rana kafin ya nemi abinci. In jikinsa bai yi ɗumi ba, cikinsa ba ya narkar da komai, abincin sai ya zauna ya ruɓe ko ya dawo. Don haka tsarin shi ne ɗumi da haske tukuna, sai ruwa, sai likita, abinci ne na ƙarshe. Yawancin masu tausayi daga ƙarshen suke farawa, abin da ke ƙarasa dabbar ke nan.

Yau ɗin nan ki kwashe yashin gaba ɗaya ki shimfiɗa takardar goge hannu fara. Ƙadangaren da jikinsa ke neman kalsiyam yakan lashi yashi, ga ƙishirwa ga sanyi, sai hanjinsa ya toshe. Farar takarda kuma za ta nuna miki kashinsa sarai. Ki cire duk wani reshe ko dutse mai tsawo, domin ƙashinsa a yanzu ɗan faɗuwa kaɗan zai karya shi. Ki bar masa faffaɗan dutse ko tayil mara tudu, da wurin ɓuya guda.

A gefe ɗaya na akwatin ki rataya farar fitila mai zafi, irin ta halojin, ta haska kan dutsen. Zafin saman dutsen ya tsaya tsakanin digiri 38 da 42 a ma'aunin Salsiyas, ɗaya gefen kuma ya zauna wajen 24 zuwa 27, don ya samu inda zai koma in ya ji zafi. Kada ki yi ƙiyasi da tafin hannu. Ki samu ma'aunin zafi mai lamba mai waya, ko wanda ake nunawa daga nesa, domin mai allura da ake mannawa a gilashi yakan yi kuskure da digiri da yawa. Ƙaramin akwati ba ya ba da wannan bambanci na gefe da gefe, duka yake ɗaukar zafi, shi ya sa babban ƙadangare yake buƙatar wanda ya kai santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsaye. Kafin ki samu babba, ki sa fitila mai ƙaramin ƙarfi ki riƙa dubawa. Abu ɗaya da nake so ki kula da shi sosai: mai rauni irin naki yana iya kasa jan jiki ya bar ƙarƙashin fitila. In kin ga ya buɗe baki ya daɗe bai motsa ba, ki matsar da shi da kanki. Da dare a kashe duk wani haske, har jar fitilar nan da ake cewa ba ta dame su, tana hana su barci. In ɗakin yana sauka ƙasa da digiri 18, ki sa abin ɗumama na tangaran wanda ba ya haske, haɗe da na'urar daidaita zafi. Dutsen lantarki da ake kwanciya a kai kuwa kada ya shiga akwatin, yana ƙona musu ciki ba su ankara ba.

Fitila ta biyu ita ce maganin rawar ƙafar nan, kuma ita aka fi mantawa da ita. Fatar ƙadangare tana buƙatar hasken UVB, wani sashe na hasken rana da idon mutum ba ya gani, don ta ƙera bitamin D3, kuma in babu D3 hanjinsa ba ya tsotsar kalsiyam ko da an cika masa kwano da shi. Jini kuwa ba ya haƙura da rashin kalsiyam, domin da shi tsoka da jijiya suke aiki, sai jiki ya koma yana zare shi daga ƙashi. A haka haɓa take laushi, ƙafafu su kumbura ko su karkace, tsoka ta riƙa rawa. Ki nemi doguwar fitilar UVB, samfurin da ake kira T5, mai ƙarfin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, wadda tsawonta ya kai rabin akwatin, a gefe ɗaya da fitilar zafi, nisanta da bayansa santimita 30 zuwa 40. Gilashi da roba suna tare UVB, saboda haka ajiye akwati a bakin taga ba ya amfana masa komai sai zafi. Raga ma tana rage shi, in fitilar a kan raga take sai ki ɗan kusanto da ita. Fitilun biyu su kunnu awa 12 a yini. Ki rubuta ranar da kika sa ta a jikinta, domin UVB ɗin yana ƙarewa tun fitilar tana ci: T5 takan kai shekara, tsohuwar irin T8 wata shida. In samunta zai ɗauki kwanaki, ki riƙa fitar da shi rana kai tsaye da hantsi, minti 15 zuwa 20, cikin buɗaɗɗen kwando mai inuwa a gefe, kina zaune a wurin. Kada a taɓa fitar da shi rana cikin akwatin gilashi, minti kaɗan ya isa zafi ya kashe shi.

Bayan ya yi awa ɗaya ko biyu yana ɗumi sai ki zo kan ruwa. Faɗawar ido, tattarewar fata, yawu mai danƙo, da lotsawar kumburin nan biyu na saman kai, duk alamun ƙishirwa da yunwa ne. Farin abin da yake fita tare da kashinsa ma shaida ne: ya kamata ya zama fari mai laushi, in ya koma rawaya mai tauri ruwa ya yi ƙaranci. Da yawansu ba sa gane ruwan da ke tsaye a kwano. Ki ɗauki sirinji mara allura ki ɗiga masa ɗigo ɗaya a kan hanci, ki jira ya lasa, ki ƙara, har ya kau da kai. Sau biyu ko uku a yini. Kada ki buɗe masa baki da ƙarfi, haɓar da ta yi laushi tana karyewa, ruwan kuma yana iya bin hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Wanka da ruwa mai ɗumin digiri 30 zuwa 32, wanda bai wuce kafaɗarsa ba, na minti 10, yana taimakawa wajen tsohuwar fatar da ta maƙale, wasu kuma a nan suke sha. Ki tallafe ƙirjinsa da hannunki, domin wanda ba ya iya ɗaga kai yana nutsewa a ruwa kaɗan. Ki tsane shi ki mayar ƙarƙashin fitila.

Likita kuwa cikin kwana biyu zuwa uku, kada ya wuce haka. Ki kira tukuna ki tambaya ko suna duba dabbobi masu rarrafe, domin ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da su ba. Ki kai shi cikin kwali mai tawul, da gorar ruwan ɗumi naɗe a tsumma in akwai sanyi. In ya yi kashi a ranar, ki tafi da shi a rufaffiyar roba. Abin da za ki nema shi ne hoton ƙashi, don a ga yadda ya yi laushi, ko akwai karaya ko toshewar hanji, da gwajin jini na kalsiyam da fosforas da lafiyar ƙoda, da gwajin kashi. Tsutsar ciki da ƙwayar cutar hanji da ake kira koksidiya sun yawaita a wannan irin, kuma sukan yi ƙarfi idan jiki ya raunana. Ki tambaya a tabbatar miki namiji ne ko mace, domin mace tana yin ƙwai ko babu namiji, kuma ƙwan yana cinye kalsiyam ɗinta, wani lokaci ya maƙale. Likita zai iya ba shi ruwa ta allura da kalsiyam na ruwa gwargwadon nauyinsa. Kada ki sayi maganin tsutsa ko bitamin ki auna da kanki: D3 da bitamin A in sun yi yawa guba ne, maganin tsutsa kuma yana kayar da dabbar da ba ta da ruwa a jiki.

Baƙin ƙarshen wutsiyar nan ki nuna masa musamman. Tsohuwar fata in ta maƙale tana zama zobe ta shaƙe jini, naman ya mutu, kuma ruɓar tana hawa sama. Wataƙila a yanke wurin. Wutsiyar mai gemu ba ta sake tsirowa, amma yana rayuwarsa lafiya da guntuwa. Kada ki ja fatar da ƙarfi, kada ki yanke da kanki. Ki duba yatsunsa ma, da cikin bakinsa ko akwai ja ko wani abu mai kauri fari-fari, da fatarsa ko akwai ɓawo mai launin rawaya, wanda yake iya zama ciwon fata mai wuyar magani.

Yanzu abinci. Mutumin da ya daɗe a kwance ba ya cin komai, ba a fara masa da tulin nama, haka shi ma. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka danna masa abinci da yawa lokaci guda, fosforas da fotasiyam suna barin jini su ruga cikin ƙwayoyin jiki, zuciya ta rikice. Ƙodar da ta bushe kuma ba ta iya tace abin da ƙwari masu yawa suke bari. Saboda ya yi amai, ki bar cikinsa ya huta kwana biyu kan ɗumi da ruwa kawai. Daga nan ki fara da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da lafiyayye zai ci: ƙananan ƙwari biyu ko uku masu laushi, waɗanda girmansu bai wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa ba, da ɗan ganye da aka yanka ƙanana. Ki ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, muddin yana riƙe abin da ya ci yana kuma yin kashi. Tsutsar baƙin ƙudan soja ta fi dacewa da shi yanzu, tana da laushi da kalsiyam. Ƙananan gyare, fara da kyankyason kiwo da ake kira dubiya suna biye. Tsutsar nan da ake kiwo a garin hatsi mai taurin ɓawo ki bar ta sai ya warke. In ya ƙi ci sam, likita zai ba ki garin abincin jinya da ake damawa, ya nuna miki yadda ake ɗiga shi a gefen baki. A ciyar da shi da hantsi bayan ya yi ɗumi, kada ya zama saura ƙasa da awa biyu a kashe fitila.

Ƙwarin da kansu ki ciyar da su ganye da karas kwana ɗaya kafin ki ba shi, sannan ki barbaɗa musu garin kalsiyam sama-sama, ba har su yi fari fat ba. Yawancin ƙwari suna da fosforas fiye da kalsiyam, shi kuwa yana buƙatar kalsiyam ya ninka fosforas sau biyu. Garin da babu D3 a yawancin ciyarwa, mai haɗin bitamin sau ɗaya a mako, sai in likita ya canja. Gyaren da bai ci ba kada ya kwana a akwatin, yana cizon dabbar da ba ta iya kare kanta. In ya murmure, abincin babba kashi 70 zuwa 80 ganye ne, kamar ganyen mastad, ganyen kolad (dukansu dangin kabeji ne) da kabewa da aka goga, sauran ƙwari sau biyu ko uku a mako. Latas kusan ruwa ne zalla, ganyaye masu yawan wani sinadari da ake kira okzalet kuma suna riƙe kalsiyam. Afokado, albasa da tafarnuwa kada su kusance shi. Ƙwarin waje suna iya ɗauke da maganin feshi, ƙwaron nan mai walƙiya da dare kuwa guda ɗaya yana kashe shi.

Ki riƙa auna shi sau ɗaya a mako, rana ɗaya, kafin ya ci, ki rubuta tare da abin da ya ci da ranar da ya yi kashi. Ƙarin giram biyar ko goma a mako ci gaba ne mai kyau. Rawar ƙafa takan lafa cikin makonni, ƙashi kuwa watanni yake ɗauka, abin da ya riga ya karkace kuma haka zai zauna. A makonnin farko ki rage ɗaukarsa. In dole ne, ki zo masa daga gefe ki zura hannu ƙarƙashin cikinsa ki tallafe ƙafafu huɗun, domin yana da wani ɗan ido a tsakiyar kai mai gane inuwa, abin da ya zo daga sama shaho yake ɗaukarsa. Gemunsa zai riƙa yin baƙi a kwanakin nan, tsoro ne ko ciwo, ba ƙiyayya ba. Amma in ya fara farfaɗiya, ko ƙafafun baya suka daina motsi gaba ɗaya, ko yana numfashi da baki a buɗe da majina, ko ya sake yin amai, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Maganar maigidanki tana da tushe, kada ki ɗauke ta rashin tausayi. Dabbobi masu rarrafe suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, a hanjinsu ko suna lafiya ƙalau, kuma hukumomin lafiya suna gargaɗin kada yaron da bai kai shekara biyar ba ya taɓa su. Ki je masa da tsari a hannu, ba da roƙo kawai ba. Akwatin ya zauna a ɗakin da ake rufewa, yaron ba ya shiga. Ƙadangaren ba ya yawo a ƙasan da yaro yake wasa. Kwanoninsa da bahon wankansa nasa ne shi kaɗai, ba a wanke su inda ake wanke kwanonin abinci ko inda ake yi wa yaro wanka. Hannu da sabulu bayan kowace taɓawa. Ki kuma yanka masa lokaci, ki ce wata uku na jinya, bayan nan ku zauna ku sake dubawa. In duk da haka bai aminta ba, ko gidan ba shi da ɗakin da za a keɓe, lafiyar ɗanku ce gaba, sai a nema wa dabbar wani hannun da wuri.

Yayanki kuma, ina ganin rashin sani ne da shagala suka haɗu masa, ba mugunta ba. Mutane da yawa ana sayar musu da dabbar nan ba a gaya musu fitila tana ƙarewa tun tana ci, kuma rama a hankali take zuwa, mai gani jefi-jefi ba ya lura. Maganar barcin sanyi da ya yi wataƙila kunya ce ta sa shi riƙe ta. In kika je masa da zargi zai kare kansa, a bar maganar dabbar a koma ta girma da raini. Ki bari sai kin dawo daga likita, ki same shi ku biyu, ba a gaban iyali ba, ki nuna masa hoton ƙashin da takardar, ki ce: “Yaya, ga abin da likita ya gani. Ya ce jinyar za ta ɗauki watanni, kuma kullum sai an duba shi. Na san aikinka ba ya barinka zama, shi ya sa nake neman izininka ya zauna a wurina.” Kin ba shi girmansa, kin kuma bar takarda ta faɗi abin da bakinki zai yi nauyin faɗa.

Amma kada ku tashi ba ku yanke magana ba, domin “in ya murmure zan karɓa” ita ce hanyar komawa gidan jiya. Ko ya bar miki shi dungurungum, ko ya ci gaba da zama nasa yana ɗaukar kuɗin likita da fitilu ke kina kula, ko ya karɓe shi bayan likita ya sallame shi, da sharaɗin babban akwati da fitilun biyu suna nan a kunne, da wanda zai duba shi kullum in ya yi tafiya. Duk wanda kuka zaɓa, ki tura masa saƙo a rubuce bayan nan don kada a manta. In ya dage sai ya ɗauka ba tare da ko ɗaya ba, ki sa wani babba da yake jin maganarsa ya shiga.

Ke ma ki tambayi kanki tsakani da Allah. Mai gemu yakan kai shekara 10, wasu har 15, naki shekara uku ke nan da aka saye shi. Ceto shi bai wajabta miki riƙe shi har ƙarshe ba. In kin ga ba za ki iya ba, ki tambayi likitan ko ya san ƙwararren mai kiwo ko ƙungiyar da ke karɓar irin waɗannan dabbobi, ki ga wurin da idonki, ki tabbata ba za a haɗa shi akwati ɗaya da wani ba, domin su kaɗai suke zama, mai ƙarfi yakan danne mai rauni ya hana shi fitila da abinci. Sakin sa a daji kuwa ba mafita ba ce, ba zai rayu ba, kuma doka ta hana a ƙasashe da yawa. In gwaji ya nuna ƙodarsa ta riga ta lalace ko ƙashin bayansa ya karye yadda ba gyara, likita zai yi miki maganar sauƙaƙa masa ba tare da azaba ba. Ki saurare shi, ki nemi Yaya ya kasance cikin shawarar tun da dabbarsa ce. Daga abin da kika rubuto dai, wanda ya iya cin gyare takwas yana da sauran ƙarfi, kuma irinsa da yawa suna tashi. Ki rubuto mini nauyinsa bayan mako huɗu da abin da hoton ƙashin ya nuna, sai mu duba ko lokacin ƙara masa abinci ya yi.